Allo Ya Ƙi Kawo Hoto: Matsalolin Wayoyin HDMI, DVI da DisplayPort a Ƙaraye da Rogo

Wayoyin da ke kai hoto daga kwamfuta zuwa allo kashi biyu ne. Akwai tsohuwar yayi, VGA, mai shuɗin kai da allurai 15 a sahu uku, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. Akwai kuma na dijital guda uku: DVI da ta fito a 1999, HDMI a ƙarshen 2002, sai DisplayPort a 2006. A ƙasashen da ake ƙera kayan, sababbin sun ture tsohuwar sannu a hankali, musamman bayan da kamfanonin Intel da AMD suka sanar a 2010 cewa za su yi bankwana da VGA zuwa 2015. A shagunan buga takardu da cike fom na Ƙaraye da Rogo kuwa, da ɗakunan kwamfuta na makarantu da gidajen kallon ƙwallo, duka huɗun suna nan suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Daga wannan cakuɗa ne yawancin kukan "allo ya ƙi kawo hoto" yake tasowa.

Dalilin cakuɗar a fili yake. Galibin kwamfutocin da ke waɗannan garuruwa na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, suka sauka a Legas, suka bi ta kasuwannin Ikeja da Alaba, har suka iso Kano a shagunan titin Beirut da Farm Centre. Sifiyu, wato akwatin kwamfutar, daga wani kamfani, allo daga wani, waya kuma an zaro ta daga cikin kwali. Ba a ƙera su don su zauna tare ba. Tun kuma da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta a 2015, ga rajistar lambar ɗan ƙasa da sauran fom-fom na intanet, kwamfuta ta zama hanyar cin abinci ko a ƙauye. Ranar da allo ya yi baƙi, ciniki ya tsaya. Mai shago a Rogo, can bakin iyakar Kano da jihohin Kaduna da Katsina, idan ya ɗauki kaya zuwa birni wurin mai gyara, yini guda ya tafi, ga kuɗin mota, kuma sau da yawa abin da za a gano bai wuce waya ɗaya ko maɓalli ɗaya ba.

Yadda wayar dijital take aiki

VGA tana aika launin ja da kore da shuɗi ne a matsayin ƙarfin lantarki mai hawa da sauka. Idan wayar ta yi rauni, hoto yakan lalace da kaɗan-kaɗan: rubutu ya yi inuwa, ko shuɗi ya ɓace fari ya koma rawaya. Duk da haka ana ganin wani abu a allon. Wayar dijital kuwa lambobi take ɗauka, biliyoyi a kowace daƙiƙa. Idan sun isa lafiya hoto ya fito tas, idan ba su isa ba allo ya yi baƙi, kuma tazarar da ke tsakanin biyun 'yar kaɗan ce. Shi ya sa wanda ya saba da VGA yakan ɗauka allonsa ya ƙone, alhali allura ɗaya ce ta lanƙwashe.

Bambanci na biyu ya fi wannan nauyi. Kwamfuta ba ta sakin hoto ta HDMI sai ta yi sallama an amsa, kamar baƙon da ya tsaya a zaure har sai an san ko wane ne. Kan HDMI na yau da kullum allurai 19 gare shi. Ta allura ta 18 kwamfuta ke tura wuta volt 5. Allo ya amsa ta allura ta 19 cewa yana nan. Daga nan kwamfuta ta bi ta allurai na 15 da 16 ta karanta wani ɗan bayani da ke ajiye a cikin allon, wanda ake kira EDID: sunan allon, yawan ɗigogin hoton da yake iya nunawa, da sau nawa yake sabunta hoto a daƙiƙa. Sai an gama wannan hoto zai fara gudana ta tagwayen wayoyi huɗu, uku na bayanai, ɗaya na daidaita lokaci. Idan dikodar tauraron ɗan adam ce ke aikawa, akwai ƙarin tantancewa mai suna HDCP, tsarin hana satar fim da kamfanin Intel ya ƙirƙira. VGA ma tana iya tambayar allo bayaninsa, amma ko ba a amsa ba takan aika hoton. Na dijital ba su cika yin wannan sassauci ba, don haka kowane mataki da ya karye yana iya haifar da baƙin allo iri ɗaya.

A karanta alama kafin a taɓa komai

Ƙaramar fitilar da ke gaban allo ita ce shaida ta farko. Idan ba ta kama ba sam, maganar waya ba ta taso ba tukuna. A duba soket da wayar wuta da adaftar allon. Idan ta kama da launin ruwan goro, ko allon ya rubuta "No Signal" sannan ya yi barci, allon yana da rai, saƙo ne bai iso ba. Idan kuwa fitilar ta nuna allon yana aiki amma fuska baƙa ce, sai a danna maɓallin menu na jikinsa. Fitowar menu na nufin allon lafiya yake. Idan bai fito ba, a haska tocila dab da gilashin a cikin duhu. Ganin hoto dishi-dishi a ciki alama ce ta cewa fitilun bayan gilashin sun mutu, ko kafasitocin sashen wuta sun kumbura, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin alluna da suka sha zafin bazara. Wannan aikin mai gyara ne, canza waya ba zai yi masa komai ba.

Idan an tabbatar allon yana da rai, waɗanda ake tuhuma uku ne: kwamfuta, waya, da kafar da aka soka wayar. Ƙa'idar bincike ita ce a canza abu ɗaya a lokaci guda, a fara da mafi araha. Wanda ya canza waya da allo da saiti a tashi ɗaya, ko hoto ya dawo bai san mai laifi ba, kuma gobe zai sake faɗawa. Kayan gwaji ba su da wuyar samu: talabijin ɗin maƙwabci da dikodarsa sun isa a gwada waya, laftof ɗin aboki ta isa a gwada allo.

Kafin a kai ga haka ma akwai ƙananan kurakurai da ke cinye lokacin mutane. Allo mai kafa biyu ko uku yana sauraron ɗaya ce kawai, kuma tsofaffi da yawa ba sa juyawa da kansu; sai an zaɓi HDMI ko DVI ta maɓallin zaɓen kafa. Sifiyun da aka sa wa katin hoto na daban yana da kafofi a wuri biyu, na sama kusa da kafofin USB da na ƙasa a kwance, kuma a mafi yawan lokuta na sama sukan daina aiki da zarar an sa katin. A laftof mai Windows, danna maɓallin Windows tare da P yana fito da zaɓin nuna hoto a allo ɗaya, ko a maimaita shi a duka biyun, ko a faɗaɗa. Sannan kafar HDMI da ke jikin laftof ta fitarwa ce kawai. Ba a soka mata dikoda a kalli ƙwallo a fuskar laftof.

Wani lokaci kuma kwamfutar ce ba ta tashi ba, ko da fanka tana juyawa. Idan aka danna maɓallin Num Lock fitilarsa ba ta amsa ba, ko sifiyun yana ƙara ɗit-ɗit a jere, to babu hoton da za a aika tun farko. Ƙurar hunturu da ta kwanta a kan sandar RAM tana cikin abubuwan da ke jawo haka. A kashe wuta, a zare sandar, a goge haƙoranta da busasshen tsumma mai laushi, a mayar har maƙallan su kama.

Kai ya shiga, hoto bai zo ba

A nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta, domin kamannin kai yana yaudara. Kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da laftof ɗin EliteBook na da, da yawansu ba su da HDMI ko kaɗan. Abin da ke jikinsu DisplayPort ne, mai allurai 20, wanda kusurwarsa ɗaya ce kawai a yanke, saɓanin HDMI da aka yanke kusurwoyi biyu na ƙasa. Mai gaggawa yakan tura kan HDMI a ciki da ƙarfi har ya karya harshen kafar. Kan DisplayPort kuma sau da yawa yana da ƙugiya, sai an danne bayansa kafin a zare; fizgar sa yana iya tumɓuke kafar daga jikin na'urar.

Wayar da ke da DisplayPort a kai ɗaya, HDMI a ɗaya kan, hanya ɗaya take bi: daga kwamfuta mai DisplayPort zuwa allo mai HDMI. Tana aiki ne saboda kafar kwamfutar, idan mai alamar DP da ƙari biyu ce, tana iya gane cewa allon HDMI ne a gaba ta juya saƙonta. Idan aka juya wayar, aka ɗauko daga laftof mai HDMI zuwa allo mai DisplayPort, ba abin da zai fito, kuma wayar lafiyarta ƙalau. Wannan ɓangaren yana buƙatar na'urar juyi mai ƙwaƙwalwa a ciki, wadda yawanci take jan wuta ta USB.

Haka abin yake tsakanin HDMI da VGA, har ma ya fi tsanani, tun da ɗaya lambobi ce ɗaya kuwa igiyar lantarki. Wayar da ke da kawunan biyu ba tare da wata na'ura a tsakani ba, asarar kuɗi ce a kwamfuta ta yau da kullum. Ana buƙatar ɗan akwatin juyi, shi ma mai hanya ɗaya: na HDMI zuwa VGA daban, na VGA zuwa HDMI daban, kuma a kasuwa kamanninsu ɗaya. Na farkon yana rayuwa ne da 'yar wutar nan ta allura ta 18, wadda ba ta da yawa. Idan hoto yana zuwa yana ɗaukewa ta irin wannan akwati, a nemi mai ƙaramar kafar ƙarin wuta a gefe.

DVI tana da nata tarkon. Mai suna DVI-D dijital ce zalla. DVI-I kuwa tana ɗauke da saƙon VGA ma, ta ƙananan allurai huɗu da ke kewaye da faffaɗar allurar gefe. Ɗan adaftar nan mai araha na DVI zuwa VGA yana aiki ne a kan DVI-I kaɗai. Wasu idan ya ƙi shiga sukan karya allurai huɗun don ya zauna, alhali su ne masu ɗaukar hoton. Tsakanin DVI-D da HDMI kuwa babu rigima, saƙonsu iri ɗaya ne, waya mai sauƙi tana haɗa su ta kowane ɓangare, sai dai a yawancin lokuta ba a samun sauti. Akwai kuma wata kafa da ake samu a ƙananan katunan hoto na kwamfutocin ofis, mai kama da DVI amma ramukanta 59 ne, ana kiran ta DMS-59. Wayar DVI ba ta shiga cikinta. Tana da tata waya mai reshe biyu, kuma ya kamata mai saye ya karɓe ta tare da sifiyun tun a shago. Sababbin laftof masu kafar USB-C ma ba kowace ce ke fitar da hoto ba, wata ta caji da bayanai ce kawai.

Hoton da ke ƙiftawa

Ƙananan ɗigogi farare ko jajaye masu walƙiya a kan hoto, ko baƙin da ke zuwa na daƙiƙa biyu ya wuce, alama ce ta cewa saƙon yana isa a galabaice. Waya ce ko bakin kafa. Wayoyi masu arha sukan zo da siririn ƙarfe da ƙarancin rufin kariya, kuma tsawo yana tona asirinsu. Daga mita 10 zuwa 15, wayar HDMI ta yau da kullum ta zama caca. Gidajen kallo, inda dikoda ɗaya ke ciyar da talabijin biyu ko uku a rumfa mai tsawo, su suka fi gamuwa da wannan. Maganin shi ne akwatin rarrabawa mai wutarsa ta kansa, ko tagwayen na'urorin da ke ɗaukar hoto ta wayar intanet irin Cat6 zuwa nesa. Idan talabijin ɗaya yana nunawa kai tsaye daga dikoda amma ya ƙi ta cikin akwatin rarrabawa, to galibi tantancewar HDCP ce akwatin ya kasa wucewa.

Ba a buƙatar waya mai tsada a shagon buga takardu. Allo mai ɗigogi 1366 a 768, ko 1920 a 1080, kowace lafiyayyar gajeriyar waya tana ɗaukar sa, kuma ruwan zinariyar da ke kan kai ba ya ƙara wa hoto kyau. Iyaka tana bayyana ne a manyan alluna. DVI mai layi ɗaya tana tsayawa a 1920 a 1200, sau 60 a daƙiƙa. HDMI 1.4 ta 2009 tana kai hoton 4K sau 30 kawai, sai HDMI 2.0 ta 2013 ta kai shi sau 60. Wanda ya haɗa tsohuwar laftof da sabon babban talabijin ya ga linzami yana jan ƙafa, iyakar kafar ce ya tarar, ba lalacewa ba.

Wuta, tsawa da ƙura

Wutar Najeriya volt 230 ce a ƙa'ida, amma abin da ke isa soket a ƙarshen layin kamfanin wuta na KEDCO, ko daga ƙaramin janareta, yakan yi sama da ƙasa. Injin fotokwafi da firinta mai lesa suna zuƙar wuta da yawa lokacin da suke ɗumama. Idan suna layi ɗaya da allo, wutar takan faɗi na ɗan lokaci, allo ya ɗauke, a sake sallama daga farko, hoto ya dawo. Mai shagon da allonsa ke ƙiftawa duk sanda aka danna fotokwafi ya raba musu layi, ko ya ɗora kwamfuta da allo a kan UPS.

Haɗari mafi girma shi ne rashin wayar ƙasa. Gine-gine da yawa an ja musu wuta da waya biyu kawai, kuma janareta ba a cika kafa masa sandar ƙasa ba. A irin wannan hali jikin ƙarfen sifiyu ko talabijin yakan riƙe wata 'yar wuta, wadda ake ji tana tsikarar hannu. Idan aka soka HDMI tsakanin na'urori biyu da ke kunne, wannan wuta tana iya tsallakawa ta allurai, wani lokaci har a ga ɗan tartsatsi, ta kashe ƙaramin guntun da ke kula da kafar. An tsara HDMI yadda za a iya soka ta ana aiki, amma an yi tsarin ne da zaton akwai wayar ƙasa. Inda babu, a kashe duka na'urorin daga bango kafin a soka ko a zare, kuma a ɗora su a kan soket ɗaya. Da damina, tsawa ba sai ta faɗo a kan gida ba kafin ta yi ɓarna: girgizarta takan biyo wayar dish ta shiga dikoda, ta bi HDMI ta ƙone kafar talabijin. Kashe maɓalli bai isa ba idan hadari ya taso, sai an zare wayar dish da ta wuta.

Ƙura kuwa tana taruwa a kafofin da ba a amfani da su. A share da busasshen burushi mai laushi ko famfon iska bayan an cire wuta, ban da allura, ban da fetur. Kan HDMI ba shi da kusoshin ɗaurewa irin na VGA da DVI, don haka nauyin waya mai lilo yana sassauta darmar kafar a hankali. Idan hoto yana dawowa sanda aka taɓa kan wayar, kuma sabuwar waya ba ta canza komai ba, darmar ce ta saki.

Lokacin da laifin na saiti ne

Idan tambarin Dell ko HP ya bayyana yayin kunnawa, sannan allo ya yi baƙi da shigar Windows, galibi waya da allo sun fita daga zargi. Saƙon "Out of Range" na nufin kwamfuta tana aika hoton da ya fi ƙarfin allon. Hakan yakan faru idan an ɗauko sifiyu daga babban allo zuwa ƙarami, ko idan wani adafta mai arha ya hana bayanin EDID wucewa daidai. Idan mutum ne ya canza saitin yanzu-yanzu, ya ɗaga hannu ya jira, Windows takan mayar da tsohon saiti bayan daƙiƙa 15. In ba haka ba, sai a tashi kwamfutar a yanayin kariya, ta maɓallin F8 a Windows 7 ko ta shafin farfaɗowa a Windows 10 da 11, a mayar da hoto zuwa ainihin girman allon, sau 60 a daƙiƙa. Danna Windows da Ctrl da Shift da B tare yana sake tayar da manhajar katin hoto ba tare da an kashe kwamfuta ba. Kwamfutar da aka yi wa sabon Windows ba a sa mata manhajar katin hotonta ba takan ƙi ganin allo na biyu gaba ɗaya.

Masu amfani da talabijin a madadin allo suna da nasu ƙorafe-ƙorafen. Gefen hoto yakan yanke, sandar ƙasa ta Windows ta ɓace, domin talabijin yana ɗan faɗaɗa hoto bisa al'adar tashoshi. Ana gyara wannan a menu na girman hoto, inda LG ke kiran zaɓin Just Scan, Samsung kuma Screen Fit. Baƙi yakan koma toka-toka idan kwamfuta tana aika haske a ma'aunin 16 zuwa 235 alhali allon yana jiran 0 zuwa 255. Hoto kuma yakan rine da ruwan hoda ko kore idan ɓangarorin biyu suka saɓa kan tsarin launi, ko da yake sakakken kai ma yana jawo haka, don haka a fara matse wayar. Ɗaukewar sauti bayan soka HDMI ba lalacewa ba ce: Windows ce ta karkatar da shi zuwa allon da wataƙila ba shi da lasifika, kuma ana dawo da shi a saitin sauti.

Idan an gwada lafiyayyar waya da lafiyayyen allo, kafar ta ci gaba da yin shiru, to ta mutu. Ko a nan ba lallai a yar da na'urar ba. Yawancin sifiyu da alluna suna da kafa ta biyu da za a koma mata. Sifiyun tebur yana karɓar ƙaramin katin hoto na hannu, laftof kuma tana iya fitar da hoto ta na'urar USB mai tata manhaja, wadda ta isa aikin rubutu da cike fom. Sake darmar kafa ko canza guntun da ya ƙone aikin masu injin iska mai zafi ne, kuma irin wannan aiki ne ya cancanci tafiya Kano. Mai zuwa sayen waya ko adafta ya ɗauki hoton bayan sifiyunsa da na allonsa a wayar hannu, ya faɗa wa mai shago wanne ne ke aikawa wanne ke karɓa, kuma ya sa a gwada masa a kan irin kayansa kafin ya biya.